Farin Man da Ya Fitar da Zalika Rana

A ƙauyensu Zalika, wani ɗan gari a gefen Alela, ba a neman sunan ubanta idan ana kwatancenta. Da an ce zabiyar gidan Uwani, kowa ya gane. An haife ta fara sol, gashinta kamar gemun masara, idanunta kuwa ba su san zama wuri ɗaya ba, kullum suna rawa a hankali kamar suna bin wani abu da sauran mutane ba sa gani. Matan da suka zo barka suka ɗaga zane suka leƙa, suka ce tubarkalla, suka kalli juna. Uwani, mahaifiyarta, ba ta kula da kallonsu ba, don abin ba baƙo ba ne a danginta. Wanta Labo, wanda suke ciki ɗaya, shi ma haka Allah ya yi shi.

Duniyar da Zalika ta tashi ta tarar mai laushi ce, ba ta da gefe. Duk abin da ya yi nisa da ita kaɗan sai ya narke. Mutane a wurinta launuka ne masu tafiya: wannan shuɗin mai ƙarar munduwa inna ce, wancan farin mai tari baba ne. Tumaki idan suna shigowa da yamma kamar gajimare ne ya sauko ƙasa yana kuka. A rufin ɗakinsu akwai wata 'yar huda da rana ke ziro haske ta cikinta, ya sauka a ƙasa kamar ƙwai. Da wannan ɗigon haske ta san lokaci. Idan yana gindin randa, hantsi ne. Idan ya hau ƙafar gado, an kusa kiran azahar. Takan kwanta rub da ciki tana kallon ƙurar da ke iyo a cikinsa, ta kai yatsa kusa, ta janye.

Kawu Labo ne yake kawo mata labarin waje. Manomi ne, kuma bai taɓa yarda a ce ya zauna inuwa ba. Rana ta dafa shi har fatarsa ta yi kauri, ta yi dabbare-dabbare kamar bayan tsohuwar tukunya. Da la'asar sakaliya yakan zauna bakin ƙofa ya miƙe ƙafa, ya ce, "Zo in ba ki labarin tsakar rana, 'yar ɗakina." Ya gaya mata yadda ƙasa ke rawa a nesa kamar ruwa, yadda inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa ta ɓuya, yadda ko tsuntsu ba ya motsi. Ita kuwa tana sauraro kamar ana ba ta labarin wani gari da ke bayan teku.

Wata shekara wani ɗan ƙurji ya fito wa Labo a kunci, kusa da kunne. Aka sa masa garin magani, aka yi masa turare, aka kai shi wurin masu sani, ƙurjin bai warke ba, sai ci yake yi. Ya rasu a kakar shekarar da Zalika ta fara ɗaura zane a ƙirji. Bayan an share makoki Uwani ta zaunar da ita, ta riƙe mata hannu biyu.

"Ki ji ni da kyau, ɗiyata. Daga hantsi har inuwa ta yi tsawo, ba ki hita. Ko gobara anka ce, ki jira ni in zo in lulluɓe ki."

Haka ta girma a ɗaki, da kaba a hannu. Takan kawo saƙa dab da hancinta, ta lumshe ido ɗaya, yatsunta na tafiya su kaɗai. Faifanta ya yi suna, don ba ta jera launi yadda sauran mata ke jerawa. Ja yakan shige cikin rawaya a hankali, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya soma. Ita haka take ganin komai, haka kuma ta saƙa shi.

Wannan faifan ne ya kawo Chindo. Mai lambu ne daga Badagishiri, ya zo sunan ɗan wani abokinsa, aka kawo masa fura an rufe da faifai. Ya sha furar, ya daɗe yana juya faifan a hannu, ya tambayi wanda ya saƙa. Da yamma aka raka shi gidan Uwani. Zalika ba ta ga fuskarsa ba a ranar. Ta ga doguwar inuwa da hula rawaya a samanta, ta ji murya mai nauyi da ba ta gaggawa. Bai yi mata zancen kyau ko na so ba. Zancen rijiyarsa ya yi mata, da yadda ƙanshin ƙasa ke tashi idan an zuba mata ruwan farko da asuba. Ya dawo, ya sake dawowa. Danginsa suka yi ta magana, ya ce ya ji, ya ci gaba da shirinsa. Aka ɗaura aure, aka kai amarya bayan rana ta faɗi.

Da gari ya waye ta leƙo, ta tarar da abin da bai gaya mata ba. Ya kafa rumfar kara tun daga ƙofar ɗakinta har madafa, wata kuma ta karkata zuwa bayan gida. Ta bi ta ƙarƙashinta daga wannan baki zuwa wancan, ta dawo, ta sake bi, tana shafa dirkokin da hannu. Ba ta taɓa yin tafiya mai tsawon haka da hantsi ba tun rasuwar kawunta. A ƙarƙashin rumfar nan ta yi daka, ta yi saƙa, ta yi renon 'yarta ta fari, Awa, wadda ta zo baƙa wuluk kamar ubanta.

Sai shekarar fari ta zo. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya tsaya yana jiran ruwan da bai zo ba, har ya bushe a tsaye. Da kaka babu abin zubawa a rumbu. Duk mai sauran ƙarfi ya gangara fadama yana gina rijiya, don noman rani kaɗai ya rage. Chindo ya dasa albasa, ya ga rijiyarsa ta ja baya, ya shiga ya ƙara mata zurfi. Gefenta ya rufto masa. Da maƙwabta suka ciro shi, ƙafarsa ta dama ta karye a cinya. Mai ɗori ya ɗaure ta da kara, ya ce kada ya kuskura ya taka sai an ga wata ya fita, wani ya shiga, wani ma ya bi bayansa.

Maƙwabta suka gyara rijiyar, suka yi ban ruwa na 'yan kwanaki, amma kowa da nasa fangalin da ke jiransa. Wata asuba Zalika ta ɗauki malfar Chindo daga jikin bango, ta ɗora a kan kallabinta.

"Ina za ki?" in ji shi daga kan tabarma.

"Lambu."

"Zalika, aje malfar nan. Albasa ce, bar ta ta mutu."

"In ta mutu mi za mu ci, mai gida? Kaba?"

Ta miƙa Awa ga maƙwabciya, ta bi sahun mata zuwa fadama.

Ta yi niyyar gamawa kafin rana ta ɗaga, amma guga ɗaya ba ta san gaggawa ba, ita kuma sai ta durƙusa take ganin bakin fangali. Kullum hantsi yakan tarar da ita a can, wani lokaci har ya wuce. Malfa ta tare ta sama, sai dai ta gano cewa rana ba daga sama kaɗai take zuwa ba. Tana tasowa daga farin rairayi, tana tsalle daga fuskar ruwa ta shigo ƙarƙashin malfa. Kafin mako ya zagayo kumatunta sun yi jajir, leɓɓanta sun tsage, hancinta ya saɓule. Ta shafa man kaɗe ta fita, ta ji kamar ta kwanta a kasko. Duk da haka akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba: tana son wurin. Idan ta ɗago kai, duk kwarin yakan zama kore guda ɗaya mai numfashi, muryoyin masu ban ruwa na yawo a samansa ba tare da jiki ba.

A bakin rijiya ta haɗu da Takama. Buzuwa ce, ta gangaro daga arewa da mijinta bayan fari ya ƙarar musu da dabbobi, suka kafa bukka a gefen lambuna suna aikin da aka samu. Da farko Zalika ta ga wani dogon baƙin zane ne da jan wata a samansa. Sai da matar ta matso ta gane fuska ce, an shafe ta da wani abu ja mai ratsin rawaya. Takama ba ta yi dogon gaisuwa ba. Ta kama haɓar Zalika ta juya ta hagu da dama.

"Rana tana cin ki, ƙawata."

"Na sani."

"Mu ma tana cin mu. Shi ya sa muke sa mata ƙasa ta ci."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan dutse ja mai taushi, irin wanda mata ke kira koya. Ta goga shi a kan dutse da ɗigon ruwa, ta shafa wa Zalika inda fata ba ta fashe ba. Sanyi ya ratsa ta har cikin kai. Ranar ta koma gida da sauƙi. Sai dai koya ba ta jure gumi. Takan bushe ta tsattsage, ta zube a cikin fangali, kafin a gama ban ruwa rabin fuska a buɗe take.

Wata safiya ta shafa kuncinta ta ji wani wuri yana ruwa, kusa da kunne. Hannunta ya tsaya a nan. Ta daɗe zaune a bakin gado, tana jin muryar Kawu Labo kamar yana bakin ƙofa. Ba ta je lambu ba. Ta lulluɓa ta nufi likita.

Majo Adamou, wato babban ma'aikacin jinya, shi ne ke riƙe da likitar garin, ɗan ƙaramin asibitinsu, a lokacin. Mutumin gabas ne da aiki ya kawo, Hausarsa da ɗanɗanon Damagaram, yana yi yana tsoma Faransanci. Ya kai ta bakin taga ya duba wurin da kyau, ya tambaye ta ko a danginsu akwai mai irin jikinta, ta gaya masa labarin Kawu Labo.

"Wannan ƙuna ce, malama, ba wancan ba ne. Zai warke. Amma in kika ci gaba da ba rana fuskarki haka, wata rana zai zama wancan ɗin. Ba za ki iya barin lambun ba?"

"Ba ni iyawa, majo."

Ya wanke mata wurin ya rufe. Sa'an nan ya buɗe kabad ya daɗe yana motsa kwalabe, ya dawo da abu biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya doguwar roba ce mai santsi da hoton rana a jiki. Wata Baturiya da ta yi aikin rijiyoyi a yankin ce ta bar masa da za ta koma gida. Ɗayan kuwa gwangwani ne marar ado, cike da farin mai mai kauri.

"Wannan na Baturiya, in kin shafa shigewa yake cikin fata, ba mai ganinsa. Wannan kuma," ya yi ɗan murmushi, "pomad ce da nake ba masu jego su shafa wa jarirai in cinyarsu ta saɓe. Wani farin gari ne da ake samu daga dutsen cikin ƙasa, aka kwaɓa da mai. Ba ya shiga fata. Zama yake a sama kamar farar ƙasa a jikin bango, rana ta zo ta tarar da shi ta koma. Ban san wanda jikinki zai karɓa ba. Bari ciwon ya rufe, ki gwada. Fuskar taki ce."

Da ciwon ya rufe, ta tashi da asuba ta zauna a bakin ƙofa, Chindo na kallonta daga kan tabarma. Ta matsa na Baturiya a tafin hannu. Ƙanshinsa ya cika ɗakin, ƙanshin wani ɗan itace da ba ta taɓa ci ba. Ta shafa a kuncin hagu, ya ɓace nan take, fatar ta yi laushi kamar ba a sa komai ba. Ta lakato farin ta shafa a dama. Wannan sai da ta yi ta ja, yana turjewa, ba ƙanshi, ba wari, ya zauna daram.

A hanyar fadama zuciyarta na wurin na hagu. Tana tafiya tana ganin kanta a kasuwa, fuska wayam kamar ta kowace mace, ƙanshi na bin ta, ba wanda ya san ta shafa wani abu. Har addu'a ta yi a ranta Allah ya sa shi ne.

Da hantsi ya yi gumi ya karyo. Na hagu ya biyo gumin ya gangara cikin idonta, idon da ko iska ba ya so. Ya yi ta zogi, hawaye na zuba, ta kasa ganin ko gugar da ke hannunta. Kuncin ya soma ƙaiƙayi. Na dama kuwa shiru, kamar wannan gefen fuskar yana zaune a gindin katanga shi kaɗai, bai san abin da ake ciki ba. Da yamma ta wanke fuska ta durƙusa gaban Chindo, don ita madubi ba ya gaya mata komai. Ya juya ta wajen haske, ya sa bayan yatsa ya taɓa nan, ya taɓa can.

"Wanga gehen ya yi ƙananan ƙuraje. Wanga kuwa lahiya lau, kamar ba ki hita ba."

Ta sake gwadawa washegari, ko da kuskure aka yi. Haka dai. Ta koma ta gaya wa majo, ya ce dama wasu jikinsu ba ya shiri da irin wancan, kuma ko ya karɓe ta, in robar ta ƙare babu inda za a samo wata, farin kuwa ana samunsa a kantin magani na Illela da na Konni. Ta ce ta zaɓi farin. Robar Baturiya ba ta mayar ba, shi ma bai tambaya ba. Ta ajiye ta a cikin kwalla, ranar salla takan ɗiga kaɗan a bayan hannu don ƙanshin kawai.

Ranar da ta fara shafe fuskar duka da farin man, Awa ta kalle ta ta tsandara ihu, ta ruga ta ɓuya bayan ubanta. A hanya yara suka watse. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta yi a'uzu ta saki hanya ta bi ta cikin ƙaya. Zalika ta saba da kallo tun tana goye, amma ba a taɓa gudunta ba. Ta isa lambu ta zauna a bakin rijiya, ba ta ko taɓa guga ba.

Takama ta zo ta tsaya a kanta, ta dube ta, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Wa ya mutu ya dawo?"

"Ke ma?" in ji Zalika.

Takama ta daina dariya. Ta zauna, ta lakaci man daga goshin Zalika ta murza a yatsu, ta shinshina. Ta kwance bakin zane ta fito da koyarta, ta kankare kaɗan a tafin hannu ta haɗa. Farin ya juya a hankali, ya zama launin cikin sabuwar ƙwarya.

"Naki yana riƙe fata, ba shi da launi. Nawa yana da launi, ba ya riƙe fata. To, a aurar da su mana."

Zalika ta kai wa majo ya gani. Ya juya abin a yatsa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai karanta wannan a lakwal, wato makaranta, ba, amma bai ga laifinsa ba in za ta kiyaye: ta soya garin a kasko tukuna, ta tace shi da ƙyalle mai laushi, ta sa kaɗan don kada ya rinjayi farin, kuma kada ya kusanci inda fata ta fashe. Ya ƙara da cewa man ba ya hana malfa, ba ya hana riga mai dogon hannu, kuma in gumi ya yi yawa ta sake shafawa.

Kwaɓin farko ya yi ja da yawa, ta fito kamar tulun da aka ciro daga wuta. Na biyu ya yi fari fat. Ita da ta ƙware wajen shigar da launi cikin launi a jikin faifai, sai ta mayar da hankalinta nan. Takan jera ɗigo-ɗigo a bayan hannunta, ta kawo dab da ido, ta tambayi Chindo wanne ya fi kama da mutum. Shi kuwa kowanne aka nuna masa sai ya ce ya yi. A ƙarshe Awa ce ta raba gardama: ranar da uwar ta shafa wani kwaɓi mai kama da gero in ya nuna, yarinyar ta zo ta hau cinyarta ba tare da ta lura da komai ba.

Albasa ta yi. Ba ta cika rumbu ba, amma ta kai su damina. Chindo ya tashi da ɗingishi wanda bai rabu da shi ba har tsufansa. Ranar da ya fara takawa zuwa fadama ya ce mata to, ta huta, ta koma inuwarta. Ta ce a'a. Suka raba aikin: ita da shi da safe, idan rana ta take sai ta shige gindin mangwaron da ke kan iyakar lambun da kabarta, da la'asar ta sake fitowa. Zuwansa Konni na farko ya sayo mata baƙin tabarau. Da ta sa, hasken da ke dukan idonta ya kwanta, ta ga ashe abin da take ɗauka hayaƙi ne a bayan lambuna tudu ne, mai duwatsu, har da awaki a kansa.

Da ruwa ya dawo arewa Takama da mijinta suka sayi 'yan awaki suka kama hanya. Ta bar wa Zalika rabin dutsenta. Ba su sake haɗuwa ba, sai dai gaisuwa da takan iso a bakin masu kawo raƙuma kasuwa. Dutsen ya ƙare, amma labarin matar Chindo mai neman ƙasa mai launi ya riga ya bazu. Direbobin da ke ɗaukar albasa suka riƙa zuwa mata da ƙulli: rawaya daga wajen Malbaza, ja mai duhu daga tuddan Illela, wata mai shuɗi-shuɗi da ba ta yi amfani ba amma ta ajiye don kyanta. Ta jera su a ƙananan ƙore a kan bango. Takan ce ba ta je garuruwan ba, amma ta san launin ƙasarsu, ta kuma san yadda kowace ke ji a fata.

Shekaru suka tafi, ta ƙara haihuwa, maza biyu. An yi wa Majo Adamou canjin wurin aiki. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi farin man ya yi wuya, sai da Chindo ya tsallaka iyakar ƙasa kafin ya samo, ta koyi shafa shi da tattali. A cikin wannan tsakanin ne wata rana tana tankaɗe Chindo ya tsaya a bayanta ya ce ta dakata. A saman kunnenta na hagu, inda kallabi ke zamewa, inda hannunta bai saba kaiwa ba, akwai wani ɗan ɓawo da ya ce ya daɗe yana gani, yana faɗuwa yana dawowa. Sabon majo ya duba, bai ɓata lokaci ba ya tura su asibitin Galmi. A can aka yanke wurin, aka ɗinke, aka ce sun zo da wuri. Ta dawo da 'yar giɓi a kunne. Tun daga ranar, kowace safiya in ta gama da fuska sai ta miƙa wa Chindo gwangwanin ta juya masa baya. Ya shafa mata kunnuwa da ƙeya da yatsunsa masu kaushi, a hankali, kamar mai dashen iri.

Wata shekara, wajen ƙarshen bazara, ta ce tana so ta bi albasarta ta ga inda ake kai ta. Suka hau babbar mota a kan buhuna har Konni. Ta sha hayaniyar kasuwa, ta ji ana ciniki da harsuna, ta sayi atamfa da ta zaɓa da hancinta a jikin ƙyalle. Da azahar suka hau bayan motar, yanzu babu kaya, su da wasu fasinjoji, suka juyo gida.

Sun wuce Tsarnawa kaɗan sai iska ta canja. Gabas ta yi baƙi, baƙin ya taso ya haɗiye rana ɗungum. Ɗigon farko ya bugi ƙarfen mota. Yaron mota ya warware tampol, kowa ya rarrafa ya shige, Chindo ma ya shige yana kiranta.

Ba ta taso ba. Tana zaune ta jingina da ƙarfe, ta cire tabarau. Ba abin da ya soki idonta. Ta buɗe su duka, buɗewar da ba ta taɓa yi a waje da rana ba. Gonaki a share suna jiran shuka, ja da fari, suna wucewa a hankali, itatuwa na sunkuyawa suna tashi. Ta cire malfar ta danne ta da ƙafa. Ruwan ya sauko da ƙarfi, ya bi goshinta, ya soma kwance kwaɓin da ta shafa tun safe, yana gangarowa rawaya-rawaya ta haɓarta zuwa wuyan riga. Ta sa gefen mayafi ta goge sauran. Iska mai sanyi ta taɓa fatar kai tsaye.

"Zalika! Sanyi zai kama ki!"

"Hito ka gani, mai gida."

"In ga mi? Ruwa ne."

"To, hito ka ga ruwa."

Ya yi ɗan gunaguni, ya janyo ƙafarsa mai ciwo ya fito, ya zauna kusa da ita, hularsa ta jiƙe sharkaf. Daga cikin tampol wata mata ta ce waɗannan ba su da hankali, aka yi dariya. Chindo ya share ruwa daga gemunsa, ya dubi sama, ya dubi gonakin.

"In ya kai gida haka, gobe sai shuka," in ji shi.

"Ya kai," ta ce. "Ba ka jin ƙanshin?"

Motar ta rage gudu saboda ruwan da ya kwanta a hanya, ta ci gaba da tafiya arewa.